Motar Baba Mai Launin Tumfafiya

Shekarun baya can, ba a jima da samun mulkin kai ba, ina sabuwar aure a Dakoro, surukina ya rasu ya bar wa maigidana wata tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya. Baba muke ce masa. Wurin wani Bature ya saye ta, da ita yake kai hatsi arewa, wajen Azagor. In zai dawo, duk wanda ya tsaya bakin hanya da maras lafiya sai ya ɗauko shi zuwa gidan likita, ko tamma ba ya karɓa. Rana da rairayi sun cinye fentinta har ta koma kamar ganyen tumfafiya, ba kore sosai ba, ba kuma fari ba.

Bayan an share makoki maigidana ya ce zai girmama mahaifinsa. Ya kai motar Maradi wurin makaniki. Da suka ɗaga kujera sai ga launinta na asali a ɓoye, kore mai duhu, yana sheƙi. Maigidana ya rantse sai irinsa za a shafa mata. Aka yi ta nema, aka yi ta haɗawa, har aka dace. Ranar da ya dawo unguwa duka ta fito. Ni kaina na rangaɗa guɗa, har na tsaya gyara ɗaurin kallabi a jikin ƙofarta kamar madubi.

Sai dai tun daga nan yake dawowa daga arewa bayan mota wayam. “Madam,” haka yake tsokanata don na yi lakwal, makarantar boko, har kwaleji, “daji ya watse. Ko akuya ban gani ba.” Muka ɗauka makiyaya sun bi ciyawa.

Ina da wata ƙawa Bafulatana mai kawo mini nono ranar kasuwa. Ta ɗauke ƙafa, na yi ta cigiya. Wata rana da azahar sai ga ta babu ƙwarya a ka, ta goyo ɗiyarta, jikin yarinyar kamar garwashi. A ƙasa ta tako tun daga ruga.

Na ce, “Ƙawa, mi ya hana ki tsaida mota?”

Ta ce, “Wace mota? Ta Baba ba an saida ba? Yanzu wata mai duhu ke yawo, irin ta masu ƙidayar jangali. In munka hango ta sai mu kora shanu bayan tudu mu lahe.”

Muka fara kai yarinya likita, Allah ya sa da sauran kwana. Da muka dawo na ja hannun ƙawata zuwa ƙofar gida. Ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta ga tasbahar Baba tana nan rataye. Ta riƙe haɓa. “Ita ce wallahi. To wane maras tausayi ya yi mata wanga aiki?”

Maras tausayin yana zaure yana jin mu.

Da na kai masa abinci na ce a maido mata da tsohon launinta. Ya ce, “Wanga shi ne na asali. Da idona na gan shi ƙarƙashin kujera.”

Na ce, “Malam, mutanen daji ba ƙarƙashin kujera suke dubawa ba.”

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya sha wahala ya sabunta mota, ni kuma ina so in tsufar da ita. “In kin iya ki samo. Babu kantin da ke saida tsufa.”

Ni kuwa damina nake hange, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara a rugage. Na yi alwala, na kai kukana ga Allah, na ce ba zan bari a ci gaba da gudun motar Baba ba.

Abin koyi yana cikin gidana ban sani ba. Da aka yi gyara an canza ƙyauren bayan motar, maigidana ya jefo tsohon a tsakar gida, ni kuma na rufe akurkin kaji da shi. Na ciro shi, na wanke da sabulu. Ga tumfafiya nan, babu abin da ya taɓa ta sai kashin kaji.

Akwai sauran koren fenti a gwangwani. Na yi sautun fari daga Maradi, da ɗan shuɗi. Mazubi kuwa, kwanukan aurena na sauko da su daga jere. Da mahaifiyata ta zo ta gani sai ta yi salati, ta ce, “Ashe karatun da munka sa ki na damun fenti ne?” Sauran mata na yawo da lalle a hannu, ni ina yawo da kore har gwiwar hannu, sai na dirje da kalanzir kafin kowace salla.

Fenti ya wahalshe ni. Yana jiƙe launinsa daban, ya bushe ya koma daban. Wanda ya dace a inuwar ɗaki, in na fitar da shi rana sai ya ƙaryata ni. Daga baya na gane ba idona ne alƙali ba. Na shafa kowane haɗi a kan guntun kwanon rufi. Ranar kasuwa muka jingina su can kan tudun bayan gari, tare da tsohon ƙyauren, na tara ƙawata da ƴan'uwanta masu nono muka ja da baya sosai, da rana tsaka.

Ba su raga mini ba.

“Wancan ai miyar kuka ce.”

“Na tsakiya kamar majinar ɗan maraƙi.”

Na koma gida na ƙara fari. Kasuwa ta zagayo, aka sake yi mini dariya. Na ƙara ɗigon shuɗi. Har wata ranar da wata tsohuwa cikinsu ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Ɗiyata, yau ƙyaure biyu kika kawo?”

Maigidana yana tsaye bayanmu, ashe ya biyo mu. Washegari na same shi yana kankare korensa mai sheƙi daga jikin motar da hannunsa.

Tafiyar farko bayan an shafa mata haɗin nawa, na ce sai an je da ni. Mun wuce gonaki, mun shiga rairayi, shiru. Can sai ga wani tsohon Buzu ya sauko daga tudu yana ɗaga sanda, bayansa mata biyu riƙe da wani saurayi da ko tsayuwa ba ya iyawa. Da muka tsaya tsohon ya dafa murfin inji kamar mai dafa wuyan raƙumi. Ya ce, “Ina kunka kai ta duk wanga lokaci?”

Maigidana ya ce, “Jinya ta yi, Baba.” Ya kifa goshi a kan sitiyari, sai da na miƙa masa bakin gyalena ya share hawaye.

Motar ta daɗe da zama tarihi, maigidana ma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da na riƙe shi ne, in za ka gyara abin da mutane suka dogara da shi, ka tambaye su da me suke gane shi. Mun yi niyyar girmama Baba, saura kaɗan mu yanke masa ladar da take bin sa kabari.

Kwanukan auren nan kuwa fentin bai taɓa fita daga jikinsu ba. Ɗaya yana nan wurina. Jikokina in sun zo sai su ce, “Kaka, ki yar da wannan mai dattin.” Nakan ce su mayar mini da shi inda suka ɗauko.