Maki Biyu a Gindin Mangwaro

Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba. Sau ɗaya na gwada, ta tsallake katangar makaranta ta faɗa kaskon mai ƙosai, har yau matar ba ta amsa gaisuwata. Shi ya sa da tsofaffin 'yan ƙwallon kwandon Tudun Wada suka shirya karawa da na Gyallesu, aka ce ni in zauna a tebur in riƙa rubuta maki, tunda rubutuna yana da kyau, zama kuma ba ya ba ni wahala.

Abin da aka sa a gasar rago ne. Rago irin wanda in ya yi atishawa kajin unguwa ke watsewa. An ɗaure shi a gindin famfo yana kallonmu kamar mai gadin jarrabawa.

Kyaftin ɗinmu ƙanin matata ne, tela, wanda tumbinsa ke riga shi isa kwando. Alƙalin wasa kuwa wani dattijo ne, tsohon malamin motsa jiki, da ya taho daga coci da usur a aljihun kwat. Kowa Baba yake ce masa, don rabin mutanen filin nan ya taɓa sa su tsallen kwaɗo.

Kafin a fara ya zo ya ɗora yatsa a kan takardar maki.

"Malam, ga doka. In ka yi kuskure ana cikin wasa, kada ka yi mini ihu. Ka jira ƙwallo ta tsaya, sai mu gyara. Ko an tashi ma ana gyarawa, muddin ban sa hannu ba. Amma da zarar na sa hannu a nan, ko wa ya zo, magana ta ƙare."

Na ce, "Baba, ni da kuskure ai sai dai a mafarki."

Riguna ne suka jawo komai. Mu da Gyallesu duk wurin mutum ɗaya muka sayo, wani ɗan kasuwa mutumin kudu mai shago a hanyar Kwangila, kuma daga dila ɗaya ya ciro su. Namu ja, nasu ja mai ɗan duhu, in ji shi. Minti biyar da farawa gumi ya mayar da kowa launi ɗaya. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Kwando ɗaya yana gindin mangwaro, ɗayan yana gindin darbejiya. Na rubuta Mangwaro a saman layinmu, tunda can muke jefawa, na rubuta Darbejiya a saman na Gyallesu. Duk inda ƙwallo ta shiga sai in ba bishiyar maki, in sa lambar rigar wanda ya jefa a gefe. Har na fara tunanin ya kamata duniya ta zo ta koya a wurina.

Hutun rabin lokaci ya zo daidai da kiran La'asar. Muka tafi salla, Baba ya zauna yana gadin rago. Da muka dawo 'yan wasa suka canja gefe, kamar yadda ake yi ko'ina. Bishiyoyi dai suna nan inda muka bar su. Sai da aka ɗan taɓa wasa na farga, na yi maza na soke sunayen na juya su, na ce wa kaina ai babu abin da ya shiga tsakani.

Usur ɗin ƙarshe ya tashi muna da arba'in da huɗu, Gyallesu arba'in. Fili ya kaure. Ƙanin matata ya faɗi ya yi sujadar godiya, sai da mutum huɗu suka taru aka ɗaga shi. Kafin in rufe biro an kwance rago, an sa masa jar riga, an cusa shi a keke mai ƙafa uku za a zagaya da shi unguwa, 'yan acaɓa a gaba suna ta danna hon.

Baba ya iso tebur yana laluben tabarau. Ni kuma ina bin layinmu da ido don jin daɗi, sai na ci karo da lamba goma sha biyar, maki biyu, farkon dawowa daga salla. Mu ba mu da goma sha biyar. Mai wannan lambar wani dogon ma'aikacin asibiti ne ɗan Gyallesu, wanda sai ya sunkuya yake gaisawa da kwando. Ya jefa a mangwaro, na ba mangwaro, mangwaro kuwa a lokacin mu ne a takardata.

A cire biyu daga namu a mayar musu, kowa ya tashi da arba'in da biyu. Kunnen doki.

Baba ya samu tabarau, ya miƙo hannu. "Biro, Malam."

Biron nan ya yi mini nauyin buhun siminti. Babu wanda ya sani sai Allah, sai ni, sai mangwaro. Ana haka ƙanin matata ya iso, ba takalmi, da kofin kunun zaƙi na uku a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa fuskata ya gane akwai abin da ya lalace.

"Yaya, ba shi biro mana."

"Akwai 'yar magana."

"Maganar ta jira a sa hannu. Yaya, ka tuna a gidan wa ka samo mata."

"Na tuna. Ita ce ma za ta fara tambayata me ya hana ni cin tuwo."

Na juya takardar na nuna wa Baba. Ya duba, ya kira kyaftin ɗin Gyallesu, ya kira dogon nan ya sa shi ya juya baya kowa ya ga lambar. Ya ja layi a kan makin, ya mayar da shi gidansa, ya ce, "Ban sa hannu ba tukuna. Ƙarin minti biyar. A dawo da rago."

Rago kuwa ya kusa kasuwa. Aka tura acaɓa ta bi keke. Suka dawo a jere, babu hon, rago yana hakimce a kujerar baya da jar riga kamar ɗan takarar da aka soke zaɓensa.

Minti biyar ɗin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. 'Yan Gyallesu baƙin ciki ya hana su shan komai, cikinsu wasai. Namu kuwa kana jin kunu yana kaɗawa a cikinsu kamar jarka a bayan kura. Ɗaya daga cikinmu da silifas ya shiga, don an riga an tafi masa da takalmi gida. Dogon nan ya jefa har sau uku, kowace na rubuta ta a layinsu da hannuna, ina jin idon Tudun Wada gaba ɗaya a ƙeyata.

Gyallesu suka cinye rago. Baba ya sa hannu, ya miƙo mini biro. "Rubutunka da kyau, Malam. Wani jiƙon ka rubuta sunan mutane, ka bar itatuwa su huta."

Washegari babu wanda ya amsa sallamata a majalisa. Ƙanin matata ya aiko mini da wandon da na ba shi ɗinki, ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo da taƙi guda. Da azahar sai ga dogon ɗan Gyallesu a ƙofar gida, ya sunkuyo ta zaure da cinyar rago a leda, wai rabon tebur ne.

Matata ta ɗora farfesu. Tun kafin a sauke na ji sallama. Ƙanin matata ne, da cokalinsa a aljihu.

"Yaya, matsa can," in ji shi. "Maki biyuna na zo karɓa."