Maharazu Na Allah, Mai Rajistar Ƴan Gudun Yunwa

Haihuwa da karatu

An haifi Maharazu a shekarar 1946 a garin Hawandawaki, ƙasar Tasawa. Mahaifinsa Na Allah manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Habsatu, kuma shi ne ɗansu na fari. Ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa a 1954, ya fito da takardar shaida a 1960, aka ɗauke shi magatakarda a biro, wato ofishin hukuma. Ya auri Zara'u a 1968.

Sansanin Mayahi

A 1973 damina ta ƙi, jama'a suka bar gidajensu suka taru a bayan garin Mayahi ba matsuguni. Aka tura Maharazu ya rubuta su, domin bisa rajistarsa ake rabon hatsi da tabarmi. Mafi yawansu mata ne da mazansu suka tafi Nijeriya cin rani. Ya riƙa tambayar kowacce sunayen ƴaƴanta kamar yadda takardar hukuma ta tsara, yana rubuta abin da aka faɗa masa.

A watan Yuni 1974, bayan sojoji sun karɓi mulki, wata ma'aikaciyar jinya, Elizabet Gidiyon, ta sanar da shi cewa yaran da ke mutuwa galibi manya ne, kuma ba su cikin rajista. Da ya tuhumi wata uwa, ta amsa masa: "Haba Malam, ni da bakina in hwaɗi sunan ɗan hwari?" Kunya ta hana iyaye mata ambaton ƴaƴansu na farko, saboda haka ba a auna musu komai. Maharazu ya san wannan al'ada, domin mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma bai tuna ba sai da aka yi wata bakwai.

Daga ranar ya sauya tsari: ba ya tambayar uwa, sai maƙwabciyarta. Ya gano yara 212 da aka tsallake tun buɗe sansanin, waɗanda iyayensu suka riga suka watse.

Sauye-sauyen wurin aiki

Rahotonsa bai yi wa na sama da shi daɗi ba. Aka mayar da shi Urafane a 1975, sai El Allassane Maïreyrey a 1978, sannan Tasawa. A yunwar 1984 aka sake kiransa, aka yi aiki da tsarinsa a sansani huɗu ba tare da an ambaci sunansa ba.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ya yi ritaya a 2001 bai zauna ba. Ya riƙa bin kasuwannin ƙauye a kan babur yana neman labarin yaran nan, rayayyu ko matattu. Ya tabbatar da makomar 190.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 9 ga Maris 2011, a hanyar kasuwar Urafane, da sauran sunaye 22 a aljihunsa. An yi jana'izarsa a Hawandawaki bayan la'asar. Ya bar matarsa Zara'u da ƴaƴa huɗu: Laminu, Uwani, Abdurrahamane da Binta.