Ranar da Muka Kai Magen Ajinmu Asibiti

Shekarun baya can, lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina aji huɗu a wata firamare a Tarauni. Manya na ta hirar siyasa a gindin rediyo, mu kuwa hankalinmu na kan wata farar mage da ta tare a bayan ajinmu. Ba ta kowa ba ce, amma da an fita tara kowa sai ya gutsura mata ƙosai ko awara.

Wata rana bayan an tashi, ɗan acaɓa ya take ta a ƙofar makaranta. Ƙafar baya ta karye, tana ja tana kuka. Mai shagon da ke wurin ya ce mu ƙyale ta, in tana da sauran kwana za ta tashi. Ba mu yarda ba. Muka roƙi kwalin taliya a wurinsa, muka saka ta, muka nufi babban asibitin Gyadi-Gyadi a ƙafa, don mahaifiyar abokina nas ce a can. A tunaninmu asibiti ai asibiti ne.

Maigadi ya tambaye mu wanne ne ba shi da lafiya a cikinmu. Da muka buɗe masa kwalin, sai da ya zauna don dariya, amma ya aika aka kira mahaifiyar abokin nawa. Ta fito ta yi mana faɗan yawo ba a sani ba a gida, sannan ta ce akwai likitan dabbobi a Unguwa Uku. Ranar na fara jin cewa dabba ma tana da likita. Da yake lokacin tashinta ya yi, ta sa mu a bas ta raka mu.

Likitan wani dattijo ne siriri a ɗan shago mai warin magani, ga rago ɗaure a waje yana jiran layi. Shi bai yi dariya ba. Ya duba ƙafar a hankali, ya ce, "Wane ne mai ita?"

Muka dubi juna, sai duk muka ɗaga hannu.

"To, duk ku shigo. Masu jinya ba sa tsayawa a waje."

Ni na yi caraf na ce zan riƙe ta. Ina ganin allura na runtse ido na sake ta, sai wata yarinya 'yar ajinmu ce ta riƙe har aka gama ɗori. Ya ce nasa aikin ya ƙare, sauran namu ne: ruwa mai tsabta, abinci, kuma kada a bar ta tsalle.

Mahaifiyata ta ce ba za a mayar mata da gida asibiti ba, amma ta bar mu muka ajiye kwalin a soro. Daga baya ita na kama tana zare wa magen ƙayar kifi. Kullum bayan la'asar 'yan ajinmu suna zuwa dubiya, har ta miƙe tana ɗingishi. Da malaminmu ya tambayi abin da muke so mu zama, kusan duk ajin likitan dabbobi muka ce.

A iya sanina ba wanda ya zama. Dattijon nan kuma na ji ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ko sunansa ban sani ba. Abin da ya zauna min a rai shi ne yadda babban mutum ya ɗauki damuwar yara da gaske. Shi ya sa yanzu in 'yata ta zo tana hawaye a kan ɗan tsakonta da ya ƙi cin abinci, nakan ajiye waya in ce ta kawo shi mu gani.