Rariya ta Biyu

Farkon damina ne, ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. A shekarar nan hankalin kowa a tashe yake, masu shuka suna ta duban gabas, ni ma na kasa zama wuri ɗaya.

Ana cikin haka ɗiyata ta fari ta zo Gwandu daga Kalgo, inda take karatu, da kwamfutarta a jaka. Ranar Litinin za ta nuna wa malaminta aikin gama makaranta. Wata ƙara take saki, ta faro da kauri kamar injin niƙa, ta yi ta sirancewa har ta koma kukan sauro. A cikin kwamfutar ta haɗa abu biyu masu tace ƙarar kamar rariya, ɗaya mai kaurin kaɗai yake bari ta wuce, ɗaya siririyar. Ni yaƙi da jahilci na yi, amma rariya na san ta.

"Inna, kunnena ya saba da ita. Saurara mini, in kin ji ki ɗaga hannu."

Ta farko na ji, na ɗaga. Ta biyu na yi ta jira.

"Mi kika ji?"

"Ba komai."

"Ko kaɗan?"

Na girgiza kai. Ta dubi layin da ke hawa a fuskar kwamfutar, ta ce ashe zanen nan ruɗinta yake yi. Ta shiga ɗaki ta fara warware rariya ta biyu, aikin wata uku.

Da la'asar ina tsintar shinkafa, na hango ta tana sake gwadawa. Ni shiru nake ji. Amma kyanwar da ke kwance gindin randa ta miƙe kunnuwa. Aka sake, ta tashi ta bar wurin. Na tuna na daɗe ina cewa sauro ya ragu a gidan nan, ana yi mini dariya.

To, 'yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, balle in zauna in ce mata jikina ya fara gazawa. Na share tsakar gidan da na riga na share. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta, abin da ya fito bakina kawai shi ne ga fura nan.

"Inna, yau zirga-zirgar ta yi yawa. Baƙi za mu yi?"

Na ce a'a, na koma. Ita kuwa tana ta gogewa.

Washegari da safe, kafin ta buɗe kwamfutar, na yafa mayafi na shiga maƙwabta na kira matar gidan. Na zo da ita bakin ƙofar ɗiyata, na tsaya, idona a ƙasa.

"Ke, kar ki ƙara goge komai. Gwada da kunnen wannan. Nawa ne ba ya ji."