Damisar Don Crescencio

Crescencio Uc Tamay ɗan mai zuma ne, jikan mai zuma, amma tun yana yaro babu abin da ya tsana kamar harbin ƙudan zuma. Idan ubansa ya kai shi daji duba amya, can nesa yake tsayawa da gwangwanin hayaƙi a hannu, yana ba da shawara. Haka ya girma a ƙauyen Santa Rufina, mutane na aiki shi yana bayani.

Da uban ya rasu, ya bar masa amyoyi da wata gona mai faɗi a bakin daji. Amyoyin, matarsa Eufemia ce ta ɗauki wahalarsu, ita ke shan harbi har ido ya rufe. Shi kuwa ya ɗinka farar riga mai aljihu huɗu, ya sayi hular kaba, ya fara amsa sunan Don Crescencio, da laƙabin girmamawa irin na manya, tun kafin kowa ya kira shi da shi.

Lokacin da masu zumar ƙauyen suka kafa ƙungiya don sayar wa 'yan kasuwar Jamus, sai aka gindaya musu sharaɗi. Kowane duro sai ya ɗauki alamar mai shi, a kuma manna masa takarda mai hatimi cewa zumar daji ce zalla, ba ta haɗu da shukar da aka jirkita wa halitta ba. Buga hatimin aiki ne na zama a inuwa, don haka Don Crescencio ya miƙe ya ce ya sadaukar da kansa. Kowa ya zaɓi 'yar alamarsa, wani tauraro, wani zangarniyar masara. Shi damisa ya sa aka zana masa da jan fenti, baki buɗe, ta cinye rabin duro.

Hatimin nan ya shiga kansa. Sai ya lakato zumar mutum, ya ɗaga ta a rana, ya yamutsa fuska kamar likita.

"Doña Nicolasa, wannan zumar taki sai a hankali," ya ce wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa. "Ina ƙudanki suke kiwo?"

"Ban taɓa raka su ba, Chencho. Ran da ka yi fiffike ka bi mini su," ta amsa, tana kiransa da sunansa na gida.

Ana nan sai masu noman waken suya suka iso yankin da manyan motocinsu, suna neman gonakin haya. Irin wakensu shi ne wanda aka jirkita wa halitta, ake fesa wa maganin ciyawa komai ya ƙone, shi ya tsaya kore shar. A ƙofar coci babu wanda ya kai Don Crescencio zaginsu. Ya ce duk wanda ya ba su ƙasa ya sayar da uwarsa. A daminar nan aka ga motocinsu sun share gonar ubansa.

"Dawa za su shuka," in ji shi.

Da shuka ta fito, Eufemia ta dawo daga wajen amya ta aje kaya.

"Chencho, wace irin dawa ce ba ta wuce gwiwa, ga kuma kwanso?"

"Ta zamani ce. Ke dai ji da murhunki."

Ta ji da murhunta. Shi kuma ya ci gaba da buga hatimi, har da ƙarin ƙarfi.

Bayan an kai zumar shekarar, wakiliyar masu saye, Leticia Góngora, ta zo daga birni ta tara su a rumfar ƙungiya. Ta ce an gwada kayan a can Jamus, an samu garin furen waken nan a ciki. Takardar zumar daji zalla ta faɗi. Ko dai a manna wata mai faɗin abin da ke ciki, farashi ya karye, ko a dawo musu da kayansu.

Kafin ta rufe baki Don Crescencio ya yi tsalle.

"A faɗi sunan maci amanar! Ba don irin wannan ranar na tsaya tsayin daka a kan alama ba? A faɗa, mu kore shi yau!"

"Don Crescencio, da mun yi maganar a gefe," in ji Leticia.

"Babu gefe! Gaban jama'a!"

"To. Ya fi yawa a durunan masu damisa."

 Ya daki ƙirji.

"Ƙarya ne! Ƙudana masu tarbiyya ne, ba sa shiga gonar nan!"

Marcial Canul, wanda ya riƙe masa ɗa a wajen baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre, ya karkato daga kan benci.

"Kompadre, katanga ka yi musu ko wa'azi? Kuma ashe ka san gonar da ake nufi. Ni na ɗauka dawa ce."

Aka kwashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba, don Leticia ta ci gaba da lissafa sauran alamomin da abin ya shafa. Duk maƙwabtansa ne. Doña Nicolasa, wadda zumar nan ce abincinta, ta tashi ta miƙa masa hannu. Ya laluba aljihun farko, ya laluba na biyu, yana jan lokaci ko wani zai sa baki. Babu wanda ya sa. Ya ciro hatimin ya ba ta.

Eufemia ta kwashe amyoyin da taimakon yayanta zuwa can cikin daji, ta shiga ƙungiyar da sunanta. Shi kuwa ya tafi wajen masu waken yana tunanin za su naɗa shi manaja. Gadin ƙofa suka ba shi, kaka na wucewa suka sallame shi.

Yanzu ya tsufa, yana wuni a dandalin ƙauye cikin farar rigarsa. Duk baƙon da ya zo tambayar yadda waken suya ya yi wa masu zuma, shi ke fara tare shi. Sai ya gyara zama ya ce ai shi ya tona asirin abin, don a duronsa aka fara gano shi. Wasu har hoto suke ɗaukarsa. Idan Eufemia ta zo wucewa da bokitin zuma a ka, yakan ɗaga murya ya ce, "Ga iyalina nan, ku tambaye ta." Ba ta taɓa rage tafiya ba.