Ranar da Iya Ta Ɗora Ƙwarya a Ka

Uwar mijina Bagwariya ce, kuma tun da aka kawo ni gidansu daga cikin gari ban taɓa ganin ta ɗora ko ludayi a ka ba. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ni da na tashi da tulu a ka, na sha tsiya wurinta. Kai, in ji ta, don tunani Allah ya yi shi, ba jaki ba ne.

Ƙauyenmu yana bakin dajin Birnin Gwari. Bayan yaƙin basasa da kaɗan gigin tsufa ya kama Iya. Ta manta jikokinta, ta riƙa kiran mijina da sunan ƙanenta da ya rasu tuntuni, Hausar ma ta soma zube mata. Abu ɗaya ne bai zube ba. Kullum da hantsi sai ta ɗauki tsohuwar ƙwaryarta ta nufi gindin kaɗanya a bayan gida, ta tsinto ƙirare, ta dawo da su a kafaɗar hagu tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ba ma bukatar ƙiraren. Amma in ta fita ta dawo, takan ci tuwonta ta yi barci lafiya.

Wata damina sai ta birkice. Na zo ɗaga ta don wanka, ta gantsara mini cizo a hannu. Ta bar waƙa, ta bar fita, ta ture kwano, duk wanda ya matso ta kai masa duka. Mijina ya durƙusa gabanta.

"Iya, ina ke miki ciwo?"

"Lafiya lau, ɗan'uwana," ta ce.

Ya sake tambaya da Gwaranci, amsar ba ta sauya ba. Yayan mijina, wanda shi ne babba a gidan, ya ce abin ya zama hauka, a kira kafinta ranar kasuwa ya sa wa ɗakinta sakata ta waje. Na san in aka kulle ta ba za ta daɗe ba. Amma ga shatin haƙoranta a hannuna, sai ban ce uffan ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Ana gobe kasuwa ta sulale ta fita. Sai ga ta ta dawo da ƙwarya a ka, ta dafe ta da hannun dama. Matan gida suka kwashe da dariya.

"To, yau kam Iya ta zama Bahaushiya," in ji matar yayan mijina.

Ni ma na dara, sai dariyar ta maƙale mini. Shekara uku tana manta ɗan cikinta, ko sau ɗaya ba ta manta kafaɗa ba. Na tsaya na dube ta da kyau, abin da haushi ya hana ni yi mako guda. Hannunta na hagu yana manne da ciki. Da ta sunkuya za ta sauke ƙwaryar, ta runtse ido, ta cije leɓe, ta ɗauke numfashi. Nan na tuna ta wane hannu na ɗago ta ranar cizon.

Na zauna ta damanta, na yi ta rera waƙar tata da gurgun Gwarancina har ta saki jiki, sannan na zame mayafinta a hankali. Kafaɗar ta kumbura suntum, ta yi duhu.

Ban taɓa ɗaga ido na dubi yayan mijina ba sai ranar.

"Yaya, a dakatar da kafinta. Mai ɗori za a kira."

"Ai an tambaye ta, ta ce lafiya."

"Bakinta ne ya ce. Zo ka duba kafaɗar."

Mai ɗori ya ce ƙashi ne ya tsage, wataƙila santsi ya kwashe ta ba wanda ya gani. Mijina ya ɓuya bayan rumbu don kada a ga hawayensa, ya daɗe bai fito ba.

Daga nan na daina dogara da amsarta. Fuskarta nake duba, da tafiyarta, da ragowar tuwo, da ko ta yi waƙa. Haka na gano ƙaya a tafin ƙafarta, haka na gano haƙorin da ya rube. Gigin bai warke ba, ba ta sake gane ni ba. Sakatar dai a ɗakin awaki ta ƙare.

Da kaka, bayan an kwance ɗori, na bi ta gindin kaɗanya da tawa ƙwaryar. Ta cika tata, ta ɗaga, ta aza a kafaɗar hagu. Ni ma na ɗora tawa inda na saba. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, kamar baƙuwar da ta ba ta tausayi.

"Ke yarinyar nan, sauke," ta ce. "Ba jaki ba ne."