Sojan da Na Gani a Talabijin

Edita, a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ni saurayi ne daga Ketare mai kai dawa Kaduna, ga rawar kai, ga son a ce ni na fara kawo labari. A gidan mai masaukina na fara ganin talabijin. Ranar ana tuna ƙarewar yaƙin basasa, ana nuna sojoji cikin motoci suna ɗaga hannu, sai ga ɗan ƙanen babana, wanda ya tafi soja aka ji shi shiru, yana dariya da wushiryarsa, hula a karkace. Na san hoto, amma ban san ana ajiye motsin mutum kamar hatsi a rumbu ba. A wautata, duk mai motsi a akwatin nan yana da rai.

Na iso gida ana shirin yi masa sadaka matarsa ta shiga takaba, don malamai sun ce jiran ya isa. Na tsaya tsakar gida na rantse da idona na gan shi, har na ƙara da cewa ya yi ƙiba. Inna, mahaifiyarsa, ta sa aka sauke tukwane. Daga nan duk ranar kasuwar Ƙanƙara tana tasha, tana leƙen masu saukowa daga mota. Matar kuwa ta zauna, ba aure ba zawarci, damina na zuwa tana wucewa.

Wata shekara na sake ganin dariyar nan da hular nan sak a talabijin. Na ƙudura ba zan koma gida ba sai da gaskiya. Na yi ta zarya gidan talabijin ana korata, har wani dattijon ma'aikaci ya ce mini tsohon fim ne, tun ana yaƙi aka ɗauka, duk shekara suke sa shi. Na bi barikoki har na sami wanda ya binne shi da hannunsa.

Ban aiki kowa ba. Inda na yi rantsuwar, nan na tsaya na warware ta. Inna ta yi salati ta ce ta yafe. Matar ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni wa zai mayar mata da shekarunta. 'Yan'uwa, abin da kuka gani a akwatin nan, ku bincika yaushe aka ɗauka kafin ku kai wa mai jira. Ni ɗokin albishir ya sa na ɗaure baiwar Allah da igiyar auren mamaci.